Yadda Za Ka Ƙi Koyon Sana'a da Hujjar Ƙwayoyin Halitta

Idan mahaifinka ya ba ka mako ɗaya ka zaɓi sana'a, ko ka kwashe katifarka daga ɗaki zuwa baranda kusa da janareta, kada ka ɗaga hankalinka. Ni ma an yi mini haka. Bi matakan nan a jere, na ba ka tabbaci ba mai taɓa maka katifa. Tawa tana nan inda take.

Mataki na 1: Nemo ilimin da Baba bai sani ba

Kada ka ce ba ka da lafiya, yana ganin cin abincinka. Kada ka ce kana jiran wani ya kira ka, shekara biyu ke nan yana jin wannan. Ɗauko littafin kimiyya na Auta, ƙanwarka da za a ba ɗakin don karatun jarrabawa, ka buɗe babin ƙwayoyin halitta. Ina aji ranar da malami ya zana da'ira a allo, ya ja mata layi a tsakiya, ya ce ta zama biyu. Washegari ban koma ba, don na riga na gane inda labarin ya dosa.

Karanta shafi uku kawai. Wanda ya wuce uku neman suna yake.

Mataki na 2: Haddace abin da ya dace da kai

Kowane mutum daga ƙwaya ɗaya ya faro, har Baba da gemunsa. Ƙwayar ta kwafi littafin umarnin da ke cikinta, ta rabu biyu, kowace ta riƙe kwafi guda. Biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas. Can gaba sai rabon aiki: wasu fata, wasu ƙashi, wasu jijiya, wasu aka tura su hanji ba tare da an ji ra'ayinsu ba. Duk littafi ɗaya ne a hannunsu, kowace shafinta take karantawa. Ƙwayar jan jini ma da za ta kama aiki jefar da littafin take yi gaba ɗaya. Abin da na yi ke nan, amma ita ba a tara mata dangi ba.

Sai wurin da ya fi daɗi: akwai ƙwayoyin da ba su zama komai ba tukuna, kuma suna iya zama abubuwa da yawa. Likitoci na ji da su. Ja layi a ƙarƙashi. Kai ke nan.

Mataki na 3: Jira ya ƙoshi

Uba mai jin yunwa ba ya gane kimiyya. Bari ya ci, ya miƙe ƙafa, sannan ka durƙusa da littafin a hannu.

Na ce, "Baba, kai ka riga ka zama direba, ba komawa. Yaya ya zama tela. In kowa ya zama wani abu, wa za a ajiye don ranar buƙata?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wato kai ne ajiyar."

"Ni ne, Baba."

"Ajiyar da ke cin kwano biyu."

"Rabuwa tana son ƙarfi."

"To madalla. Bari Gwaggonka ta zo ka maimaita mata."

Mataki na 4: Tabbatar babu ma'aikaciyar asibiti a danginku

A nan na ɗan yi sake. Gwaggo shekararta ashirin a ɗakin gwajin jini tana leƙa ƙwayoyin mutane. Ta zo ana gobe wa'adina zai cika, muka zauna a falo ana ta gumi, fankar sama tana juyawa kamar an roƙe ta. Na yi jawabina tsaf. Ta karɓi littafin, ta buɗe shafi na huɗu.

Ta ce, "Ɗan nan, waɗannan da kake faɗa ba kwance suke ba. Wasunsu suna cikin ɓargo suna samar da jini safe da yamma, ba hutun ƙarshen mako. Amma akwai wata da ta ɗauko halinka. Tana ci, tana bazuwa, ba ta tsinana wa jiki komai, maƙwabta su ce ta tsaya ta ƙi ji, ta matse na kusa da ita. Auta, in suka taru me ake ce musu?"

"Ƙari, Gwaggo."

"Me ake yi masa?"

"Cirewa," in ji Auta, tana auna ƙofar ɗakina da ido.

Baba ya waiwaya ya dubi baranda.

Mataki na 5: In an ƙure ka, yi tambaya

Tambaya tana sa a ɗauka kana tunani. Na ce, "To ita ƙwayar, mako ɗaya ake ba ta ta zaɓa?"

"Ba ta zaɓa. Inda ta zauna ne, da saƙon da maƙwabta ke aiko mata kullum, har ta wayi gari ta zama. Kai ina kake wuni?"

"Bencin Mai Fanka, a shagonsa na gyara. Inuwa ce kawai da cajin waya."

Baba ya share gumi ya ce ita ma wannan fankar cire ta za a yi tare da ni. A nan ne ya kamata ka yi shiru. Ni bakina ya riga ni. Na ce, "Ba sai an cire ta ba, kondensa ce ta mutu, 'yar abar da ke ba ta ƙarfin tashi. Ji yadda take gunji ba ta gudu."

Auta ta fita da gudu, ta dawo da kondensa, da sukudireba, da kujera, da Mai Fanka kansa.

Ya ce, "Alhaji, shekara biyu yana zaune yana gyara mini aiki da baki. Har naɗin waya ya sani. Hannu ne kawai ba ya sawa."

Gwaggo ta nuna kujera. Na hau. Minti goma fankar ta tashi da ƙarfi har ta rufe littafin.

Gwaggo ta dubi Baba ta ce, "Yaya, bar masa ɗakinsa. Wannan ya riga ya zama, shi ne bai samu labari ba."

Mataki na 6: Ji daɗin nasararka

Katifata tana nan, kamar yadda na yi maka alkawari. Ƙarfe bakwai nake barinta, sai magariba nake dawowa da baƙin mai a farce. Tsakanin nan Auta ce ke kwance a kai tana karatu, ta wuce shafi na casa'in.

Sanarwa: marubucin bai ɗauki alhakin duk abin da ya same ka ba, ko baranda ce ko sana'a. Cewa na yi ba za a taɓa katifar ba, ban ce za ka wuni a kai ba. Mai ƙorafi ya same ni a shagon Mai Fanka, amma ya kula da bencin da zai zauna.