Wanzamin Waya

Shekarata ashirin ina aikin wayarin a Gumel, da filaya da salatif nake haɗa wayoyin at, masu kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Sai ga Sabi'u, tsohon abokin aikina, ya dawo daga Damagaram da wasu 'yan kwanektoci, mahaɗan waya masu maƙalewa. Nan take wani Alhaji a Maigatari ya ba shi wayarin gidansa duka, ni kuwa aka bar mini na shagonsa. Kullum Alhaji sai ya ce, "Aikin Sabi'u kamar a Turai." Raina ya yi ta suya.

Girman kai ya hana ni tambayarsa. Ran kasuwa na faki ido na sayo irinsu, na zaɓi ƙanana don sun fi kyau. Da wayoyin suka ƙi shiga, sai na zauna da reza ina rage musu silin tagulla har suka shige. Na rufe akwatin wutar shagon ina jin ni ma na waye.

Kwana uku firizar shagon ta ja Alhaji, har hularsa ta faɗi. Sabi'u aka kira. Yana buɗe akwatin wayoyin suka zubo masa a hannu. Ya daɗe yana dubansu a gaban jama'a, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, wa ya yi wa wannan aski?"

Har yau in na shiga tashar Gumel, direbobin Gagarawa sai su tuɓe hula su miƙo mini kai: "Wanzami, a ɗan rage mana gefe."