Fasinja Ɗaya a Tashar Alshajara

Ko zan manta da duk abin da na karanta a Khartum (da yawansa ma na riga na manta), ba zan taɓa mantawa da yinin da na tafi jiran jirgin ƙasa a tashar Alshajara ba.

Lokacin ina ɗalibi, a shekarun da soja ke riƙe da Sudan. Da zan bar Zariya, Inna ba ta ce in kawo mata turare ko mayafi ba. Abu ɗaya ta roƙa: in gano mata inda aka binne mahaifinta. Kakan nawa, Malam Isyaku, ya tafi hajji ta ƙasa tana yarinya, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya kama aikin layin dogo, daga nan sai labarin rasuwarsa ya iso. Wanda ya kawo labarin ya ce wani abokin aikinsa, Habu mai tuta, shi ya sa shi a kabari. Inna ta tsufa ba ta san ko sunan garin ba, kuma abin yana ci mata rai.

Na sha yawon cigiya a masallatan unguwar Hajj Yusuf, inda jikokin alhazanmu na da suke da yawa, kafin wani tela ya ce mini Baba Habu yana raye, ya koma wajen 'yarsa a garin Jabal Auliya. Mai hankali bas zai hau. Ni kuwa na taɓa gani a wani littafi a laburare cewa dogo ya bi ta Alshajara har Jabal, sai na ƙudura a raina jirgi zan shiga, don in ba Inna labarin na bi ta kan ƙarfen da mahaifinta ya yi wa hidima. (Ban duba shekarar da aka buga littafin ba.)

Na sauka wajen garejojin Alshajara da hantsi, na bi gefen dogo da ƙafa, saboda haka ta baya na shiga tashar. Yashi ya rufe ƙarfen a wurare da dama, awaki na kwance a kai. Wannan bai dame ni ba, don na hango ƙatuwar rumfa an kafa jikin ginin tashar, cike da maza cikin fararen jallabiyoyi da rawuna. Wasu na shan shayi, wasu na duba jarida, wasu na hira ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, lallai yau jirgi zai cika. Na sami kujera, na ajiye jakata da jarkar ruwana. Duk rumfar ni kaɗai ne mai kaya, amma sai na ɗauka nasu an riga an shigar ciki.

Duk wanda ya iso ta gaba sai ya ɗaga tafukansa, wani mutum ya miƙe ya tarye shi, su motsa baki, su rungumi juna. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ce ka ga mutanen kirki, har addu'ar tafiya suke yi wa juna.

Da azahar sai ga manyan farantai suna fitowa daga gidajen unguwa, kisira, wato gurasarsu mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa da wake. Aka ce bismillah. Wanda ya san cikin ɗalibin da ke zaman hostel ba sai na yi masa bayani ba. Na ci, na matsa faranti na gaba na taya su, na kora da shayi.

Wani dattijo kusa da ni ya ji ina ƙorafin zafi da Hausa, ya juyo. Sunansa Baba Usman, a Sudan aka haife shi, Hausarsa gauraye da Larabci. Na tambaye shi labarin tashar, kamar dama jira yake.

"Turawa suka shimfiɗa dogon nan, ya waladi, don kai dutsen gina madatsar Jabal. Daga baya aka riƙa maƙala taragon mutane. Da asuba masu kifi da masu madara ke cika shi. Kukan gaɗar shi ne agogon unguwar nan, da shi mata ke ɗora tukunya. Ga ofishin shugaban tasha can, ga inda mai tuta ke tsayawa."

Gaɗar shi ne jirgi a bakinsu. Yana magana yana nuna ƙofofin da duk a kulle suke, ni kuwa ina gyaɗa kai, hankalina na kan yadda zan sami kujerar taga.

Aka yi la'asar, babu jirgi babu dalilinsa. Raina ya ɓaci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kowa ke zaune ko a jikinsa. Ga shi a makon an yaba Larabcina a aji, kaina bai gama saukowa ba. Sai na miƙe, na gyara murya, na saki Larabcin littafi irin na huɗuba:

"Ya ku jama'a, har yaushe za mu yi shiru? Tun hantsi muke zaune. Ma'aikatan jirgin nan barci suke yi ne? A ƙasarmu da tuni an kore su daga aiki, tun daga shugaban tasha har mai tuta."

(Ƙarya nake yi. Jirgin ƙasarmu a lokacin bai fi nasu lafiya ba.)

A shekarun nan ba a miƙewa cikin taro a yi jawabi, don haka wasu sai da suka waiwaya bayansu. Baba Usman ya ja gefen rigata.

"Zauna, ɗana. An riga an kore mu."

Na zauna. Ya ce yawancin waɗanda nake gani ma'aikatan dogo ne, da soja suka hau aka sallame su, aka ce don amfanin jama'a ne. Jirgin mutane ya daɗe da daina tsayawa a nan, sai na dakon mai, shi ma in ya ga dama. Wannan kuwa zaman makoki ne. Haka suke yinsa, a kafa rumfa kusa da gidan mamaci, maƙwabta su fito da abinci, wanda ya zo ya ɗaga hannu ya yi Fatiha da mai rashin. Ya dubi jakata, ya ce ina na nufa.

"Jabal, Baba. Wajen Baba Habu mai tuta."

Sai ya ce, "Abincin makokinsa ka ci. Jinya ta dawo da shi gidan ɗansa, bayan tashar nan. Jiya muka kai shi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunya ce ta fara kama ni, amma da na tuna Inna sai baƙin ciki ya danne kunyar.

Baba Usman ya kama hannuna ya kai ni gaban mutumin da ke ta miƙewa, ɗan marigayin, wanda ya ji jawabina daga farko har ƙarshe. Na ɗaga hannu kamar yadda na ga ana yi. Da muka shafa, na daure na tambaye shi ko mahaifinsa ya taɓa ambaton wani Isyaku.

"Isyaku," in ji shi da 'yar Hausarsa. "Abuya yana kiran sunan nan in yana addu'a. Amma inda yake, wallahi ba mu taɓa tambaya ba."

Baba Usman ya ce a zamaninsu in ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, nan gefen dogo ake binne shi, a ɗora duwatsu, a ci gaba. Ya ce in sake ɗaga hannu in yi wa kakana tasa Fatihar, duk inda yake za ta same shi. Rumfar gaba ɗaya ta ɗaga tare da ni, mutanen da na gama cewa a kore su.

Na ɗauki jakata na ratsa tsakiyarsu. Babu wanda ya yi dariya, har wani ya riƙe mini jarka zuwa bakin titi. Da sun yi dariyar ma da ta fi mini sauƙi.

Da na je hutu na gaya wa Inna na makara, amma an ce a gefen dogo kabarin mahaifinta yake. Ta ce, "Dogon yana da tsawo?" Na ce yana da tsawo, Inna. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Darasin da na samu ba wani mai zurfi ba ne. In ka tarar da taro ana rabon abinci ba wanda ya tambaye ka ko kai wane ne, kuma kai kaɗai ne mai jaka, to ka fara ɗaga hannu kafin ka buɗe baki.