Yadda Za Ka Haɗa Wayoyin Akwatin Gem Don Ƙanin Matarka Ya Sha Kaye

Kai da ƙanin matarka yake lallasawa a gem ɗin dambe na talabijin gaban 'ya'yanka, share hawayenka. Bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbacin mutuncinka zai dawo har da gyara. Maƙwabcina Injiniya ya gwada su. Taya yake sayarwa, sunan shi ya raɗa wa kansa. Ya shiga harkar ne ranar da 'yan biyunsa suka ce, "Baba, ba Kawu Dogo ya buga maka mana, kai kullum mutuwa kake yi." Sai ya sa kafinta ya ƙera masa akwati mai tsayin mutum, tsohuwar talabijin a sama, kwamfuta a ciki, sandunan sarrafawa biyu da maɓallai a gaba. Saura wayoyi, nan kuwa aikin yake.

1. Ƙwace teburin cin abinci

Kife allon maɓallan a kai, ka baje filaya, almakashi da salatif. Idan uwargida ta tambayi inda za a ci abinci, kada ka ɗago kai. Masana ba sa ɗago kai.

2. Ba kowane maɓalli launinsa

Ja na naushi, kore na tsalle, shuɗi na ƙafa. Auna kowace waya kafin ka yanka, ka bar mata ɗan rara don kada ta tsinke in an buɗe allo. Wanda ya yi duka da launi ɗaya, ranar gyara zai san Allah ɗaya ne.

3. Ja baƙar waya

Ita ce uwar tafiya. Daga ɗan allon da ke kai saƙo ga kwamfuta take tasowa, ta bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon katin gayyata, ba ta tsallake kowa. Injiniya ya faro ta daga gefen baƙo ya ƙare a nasa, wai baƙo ake fara ba ruwa.

4. Ɗaure komai tsaf

Matse bakin kowace waya da filaya, ka ja ta ka ji ta kama. Tattara su da 'yan igiyoyin roba, su kwanta a jere kamar sabon kitso. Na Injiniya sun yi kyan da har sai da ya ɗauki hoto ya tura wa abokai.

5. Yanzu sai ha'inci

A gefen baƙo, sassauta baƙar wayar a maɓallin ƙafa. Kada ka cire, ka bar ta tana lilo, girgiza kaɗan ta faɗi. Wannan ba zalunci ba ne, koya wa yaro ladabi ne.

6. Gayyato shi

Dogo ya zo da hantsi yana taunar cingam. "Yaya, wannan akwatin gawar wa ka ƙera?"

"Taka," in ji Injiniya. "Bismillah, ga gefenka."

Aka fara. 'Yan biyu suka hau kujera, uwarsu ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu. Dogo ya maka wa allo duka irin nasa, wayar ta zame. Ƙafarsa ta daina aiki, kamar yadda aka tsara. Sai dai duk maɓallin da ke bayan wannan a layin baƙar waya shi ma ya mutu, na bayan kuwa duk na Injiniya ne, har da sandarsa. Ɗan dambensa ya ƙame ƙiƙam a tsakiyar fili, Dogo yana ta ɗirka masa naushi ba ko karewa.

"Baba, motsa mana!"

Injiniya yana murɗa sanda, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

7. Ɗora wa na'ura laifi

"Kayan zamani ba su da amana," in ji shi, ya ɗaga allon don kowa ya shaida. Nan tsaftar aikinsa ta tona shi. Da a hargitse wayoyin suke, ba mai gane komai. Amma ga su reras, kowace a matse gam, guda ɗaya tak tana reto, a gefen Dogo.

Uwargida ta leƙo, ta dubi wayar, ta dubi mijinta. "Baban 'yan biyu, duk gidan nan wa ya kai ka matse abu? Murfin kwalba ma in ka rufe sai na kira maƙwabta."

Dogo ya yi dariya har cingam ya faɗo. Ya mayar da wayar, ya matse ta da filaya da kansa. "To Yaya, yanzu komai daidai. Mu sake?"

Suka sake. Akwatin bai yi ko tari ba, kowane maɓalli yana amsawa. Dogo ya ci shi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kofin shayi.

Gargaɗi

Na yi alkawarin mutuncinka zai dawo, ban faɗi yaushe ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya sha kaye, ko 'ya'yansa suka koma bayan kawunsu, ko ƙanin matarsa ya mai da falonsa wurin yini, kada ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Ni wayoyi na ce zan koya maka, kuma wayoyin Injiniya har yau ba su sake ba da matsala ba. Tambayi Dogo, yana can yanzu haka.