Ranar da Na Yi wa Geron Kawu Waƙar Soyayya

Waƙoƙina biyu kacal suka fara yawo a wayoyin 'yan mata, sai kaina ya kumbura. Da na je ƙauyenmu ta wajen Minjibir, na tarar Kawu Sale ya kira gayya, za a nome masa gero. Na ce kada ya nemi mai gangar noma, ga mawaƙi a gida.

"Ka san kiɗan gona kuwa?" in ji shi.

Na ce, "Haba Kawu, ni da birni ya san da zamana?"

Na gyara tabarau, na kunna sifika, na saki wata waƙata ta soyayya mai sanyi. Ashe fartanya kiɗa take bi. Samarin da suka shigo da ƙarfinsu suka koma sara kamar masu jinya. Wani ma ya ajiye fartanya, ya yi tagumi. Ni kuwa na ƙara lumshe ido, wai na ratsa su.

Aka cinye tuwon gayya tas, rabin gona na nan da ciyawa.

Har yau in Kawu ya ga gonar da ciyawa ta cinye, sai ya waigo ya ce, "Nan ma kai aka gayyato?"