Imel Ɗin da Halliru Ya Ce Zai Nemo da Kansa

"Lafiya lau, ya mutanen Birmingham? Shigo mana, bawana, ka tsaya a ƙofa kamar mai karanta mitar gas."

Halliru ya shiga yana kakkaɓe ruwan sama daga kwat ɗinsa. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifin Zinatu ce, don haka tun suna yara a Gwammaja take kiran sa bawanta, shi kuwa bai taɓa barin ta ta tafi da maganar ƙarshe ba. Yanzu ita lauya ce a Manchester, tana zaune a Fallowfield cikin hayaniyar ɗalibai. Shi ne shugaban sashen kwamfuta na wani kamfanin ƙera bawul ɗin famfon ruwa. A wannan Asabar ta ƙarshen 2008 ya taso tun daga unguwarsu ta Erdington a Birmingham da buƙata a bakinsa, kuma ya san sai ya sha zolaya kafin a saurare shi.

"Uwar ɗakina, har yanzu cikin 'yan uni kike? Ko kina jiran su tsufa su kamo ki?"

"Ka ji mai bakin magana. An ce ka bar kwamfuta da yunwa har ta cinye shaidun kotu."

"Ke kike maganar kwamfuta? Ke da sai an buga miki imel a takarda kike karantawa."

"Takardata dai tana nan. Naka fa?"

Ya ja kujera ya zauna.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne a dangi. A farkon shekarar wani ɗan kwangila ya kai kamfaninsu ƙara, yana cewa sun san bawul ɗin yana yoyo suka sayar masa. Kotu ta ce kowane ɓangare ya tono imel da takardunsa na shekara biyar da suka shafi maganar, ya miƙa wa ɗayan. Shugabanni suka tambayi Halliru: su yi aikin a cikin gida, ko su ɗauko kamfanin da sana'arsa ke nan? Ya kira Zinatu, ta ce a ba masu sana'ar. Ya yi mata dariya a waya, washegari ya gaya wa shugabanninsa cewa ba za a miƙa sirrin kamfani ga baƙi ba alhali yana raye.

Wata uku yana tace imel. Abu ɗaya ne bai tuna ba. Kowane ƙarshen wata akan ɗauki tsofaffin kaset ɗin ajiya a naɗi sabon abu a kansu, kuma bai ce a daina ba. Kafin ya farga, kaset goma sha ɗaya sun tafi. Lauyoyin ɗan kwangila suka fito da wani imel da ba ya cikin abin da aka ba su, alƙali ya tambayi ina sauran, aka rasa amsa. Kamfani ya nemi sulhu ba shiri.

Zinatu ta ajiye masa shayi ta ce, "Sha, ba sai ka tace ba. Da ma ka riƙa jin maganata tun kana ƙarami, ni da na goya ka."

"Na girme ki da wata bakwai."

"A shekaru. A hankali kuwa ko yaye ka ba a yi ba."

"Su baƙin naki fa? Bara wa ya kira ni yana huci, wai sun haɗa wasiƙar sirri tsakanin lauya da wanda yake karewa cikin kayan da suka miƙa wa abokan gaba?"

"Wannan Zinatun ban san ta ba."

"Ni na san ta. Gajeruwa ce, ga tsiwa."

Ta yi dariya ta amsa cewa an yi haka, kuma sai da ta yi mako biyu tana roƙon a dawo da wasiƙar. Ganin ya sami ƙofa, Halliru ya gyara zama. Ya ce injiniyoyinsu ba sa kiran bawul ɗin da lambarsa, butar shayi suke ce masa saboda ƙarar da yake yi. Wane baƙo ne daga London zai san ya nemi butar shayi a cikin imel dubu ɗari huɗu? Shi ya sani, kuma ya nemo su.

Ta ce wannan gaskiyarsa ce, ba ta musa ba. Amma baƙon nan, ranar farko, kafin ma ya nemi wurin zama, zai ce a kulle kowane kaset a kabad. Ba don ya fi shi kai ba, sai don ya ga irin wannan ɓarnar sau talatin, shi kuwa wannan ce ƙararsa ta farko.

"Da ka bar su sun kulle, kai ka nuna musu butarka," in ji ta.

Halliru ya juya cokali a kofi. Abin da ya daɗe yana gaya wa kansa ke nan a cikin bas, kullum, tun watan Yuli.

"Ba don kamfani na zo ba," ya ce. "Dung aka kora."

Zinatu ta ajiye kofinta. Ta san Dung, mutumin Jos da Halliru ya kawo kamfanin da kansa shekara huɗu da suka wuce. Ta taɓa cin gwate a gidansa a Perry Barr ranar da aka yi wa 'yarsa biki. Halliru ya ce hannun Dung ne yake sa kaset ɗin a na'ura, bisa jadawalin da shi Halliru ya rubuta ya manna a bango. Da aka zauna neman mai laifi, shi Halliru aka ba takardar gargaɗi, Dung aka ba kwali ya kwashe kayansa. Halliru ya yi magana a zaman don kare shi, amma a hankali, kuma sau ɗaya. Wata huɗu ke nan Dung yana gida. Ran nan sun haɗu a babban titin Erdington, Dung ya gaishe shi da "oga" kamar yadda ya saba, har ya tambayi yara.

"Da ya zage ni da na fi samun sauƙi."

"To me kake so a wurin uwar ɗakinka?"

"Kamfanin nan da kuke ba aikin. Na ji suna neman wanda ya san kaset. Babu wanda ya fi shi sani."

"Su baƙin? Masu satar sirri?"

"Su."

"Sai ka faɗa da bakinka, sau uku, kana tsaye: Zinatu ta fi ni."

Ta yi zaton zai ce ko a mafarki, su ja maganar har shayi ya huce. Sai ga shi ya miƙe, ya haɗa hannuwa a baya kamar ɗan firamare.

"Kin gaya mini, ban ji ba. Kuma wani ne ya ɗauki kayan."

Ba ta nemi sauran biyun ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe fiye da yadda neman kati yake buƙata. Da ta fito ta miƙa masa katin manajan kamfanin, ta ce Litinin za ta kira shi, amma shi Halliru zai rubuta wa Dung takardar shaida, ya faɗi a ciki wanda ya rubuta jadawalin. Ya ce zai rubuta, ko me za ta jawo masa a ofis.

Sannan ta jefa masa ƙunshin kilishi da aka kawo mata daga Kano.

"Rabi naka, rabi na Dung."

"Wa zai raba?"

"Ba kai ba," ta ce. "Matarsa za ka ba. Wannan aikin kam a waje za a yi shi, ba a cikin gida ba."

Halliru ya yi dariya har ya share ido da bayan hannu, ya sa ƙunshin a aljihun kwat.