Korayen Silifas da Filtir ɗin da Ya Ƙi Hawa

Ba zan taɓa mantawa da wasu korayen silifas da ke bakin randar gidanmu a Tasawa ba. Na kowa ne, duk mai alwalla zura su yake yi. Amma wanda ya fi kowa jan su a ƙasa shi ne Lawali, ɗan kawuna na Urafane, ɗan kabu-kabun da bai taɓa wuce ƙofarmu tukunya na kan wuta ba. Taubashina ne, don haka tun muna yara babu gaisuwa tsakaninmu sai zagi. Ku riƙe wannan a ranku.

Motar Baba tsohuwa ce, kuma tun da bayansa ya fara ciwo ni ke yi mata bidanj, wato juyen baƙin mai. Tun ina kolej ya koya mini, don ba ni da haƙurin zama a gareji ana ce mini "yanzu-yanzu" har rana ta faɗi. Doka ɗaya ya kafa mini: in za ki sayo filtir, wato matatar man injin, ki tafi da tsoho a hannu, ki buɗe kwali ki gwada su da idonki. Har wani tsohon muke ajiyewa a leda saboda haka.

To, ranar da dangin Isuhu za su zo daga Atantane neman aurena, an ce sai bayan la'asar. Yarinya mai hankali ɗaki za ta shige ta zauna tana murmushi. Ni kuwa zaman ne ya gagare ni. Ina son Isuhu, kuma na san abin da ake faɗa a kaina a unguwa: wai bakina ba ya da burki. Tsoron kada maganar ta riga ta kai kunnensu ya sa na rasa inda zan sa hannuna. Sai na tuna washegari za a kai Inna Maradi ganin likitan ido, motar kuma lokacin bidanj ɗinta ya wuce. Na ce shi ke nan, na samu aiki.

Na je shagon kayan mota na tarar da mutane, mai shagon kuma yana kan waya yana dariya. Tsohon filtir ɗin yana gida cikin ledarsa (na tuna da shi a hanya, na ce wa zai koma). Na hango wani kwali mai ƙyalli, da hoton mota irin tamu a jiki. Na ce, "Wancan." Ya ce, "Hajiya, ba ki buɗe ba?" Na ce, "Malam, ba hira na zo ba."

Na dawo na sa tsohon wandon Baba da wata riga da ta sha mai, na ɗaure kai da tsumma, na shimfiɗa buhu a ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, na shige ƙarƙashin mota. Na kwance bushon, wato murfin ƙasan injin, baƙin mai ya tsiyaye cikin kwano, na cire tsohon filtir na tura shi waje. Na shafa wa zoben robar sabon mai, na ɗora, na murɗa. Ya ƙi. Na sake. Ya kama kaɗan ya cije. Haƙoransa da na injin ba ɗaya ba ne. Ga mota babu mai, ga rana ta take, ga zufa na shiga mini ido.

A nan ne na ji sas-sas, na juya kai, na ga korayen silifas sun tsaya daidai taya.

"Kai jakin Urafane," na ce, "ka ji ƙamshin shinkafa ko? Miƙo mini tsohon filtir ɗin can, kada ka tsaya mini kamar turmi."

Sai hannu ya leƙo da filtir ɗin, mai na ɗiga. Ban kalli hannun ba, fizgewa na yi. Na haɗa su biyu, na ga bambancin ƙiri-ƙiri, raina ya ƙara ɓaci. Ni kuma in raina ya ɓaci bakina ke aiki.

"Duba don Allah. Fenti a waje, ciki ko oho. Kamar Isuhu ranar da ya fara zuwa zance, shadda na ƙara, turare har bakin titi. Kwali dai ya yi kyau, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Yanzu kuma tsofaffin Atantane za su zo su cika mana zaure da tari, su cinye kajin Inna, ni ina nan kwance kamar ƙadangare."

Aka yi gyaran murya. Ba muryar Lawali ba ce.

"To, ɗiyata," aka ce a hankali, "shi ma Isuhun sai a buɗe kwalin a duba."

Na bi silifas ɗin da ido zuwa sama. Ƙafa mai kaushi, sannan bakin farar babbar riga. Malam Idi ne, wan mahaifin Isuhu, shugaban tawagar. Ashe sun samu mota da wuri sun iso kafin azahar, Baba ya ce masa ya shigo ciki ya yi alwalla a nutse.

Akwai kunyar da ke sa mutum gudu, akwai wadda ke ƙame shi. Ni ko gudun ba dama. In na fito, surukina zai gan ni da wandon maza da fuska baƙa ƙirin. In na zauna, ga shi tsaye. Sai na zauna. Daga ƙarƙashin mota na ce, "Ina wuni, Baba. An zo lafiya?" (Har ƙoƙarin durƙusawa na yi, na buga goshi da ƙarfe.)

Ya amsa kamar a kan tabarma muke. Ya tambayi aiki, na ce da godiya. Na ɗauka zai tafi, sai na ga ya tsuguna.

"Ni ban san mota ba, wake na sani. Shi wanga abu, ya ake gane mai kyau?"

Ban san ko gatse yake yi ba, amma amsa ta fi shiru sauƙi. Na ce, na farko lambarsa ta dace da injin, shi ya sa ake tafiya da tsohon. Sannan a ɗaga shi a ji nauyi, na banza sakayau yake kamar gwangwanin madara. A girgiza shi a kunne, kada a ji wani abu na kaɗawa. A danna zoben robar da farce, ya zama mai laushi, ba busasshe ba. A leƙa ƙananan ramukan a ga wata roba ta rufe su daga ciki, ita ke hana mai komawa in mota ta kwana.

"Duk kin san wannan," ya ce, "kika sayo wanda bai hau ba?"

"Sauri nake, Baba."

"Mi zai hana ki matsa mishi da ƙarfi?"

"In na tilasta shi zai hau. Amma zai cinye haƙoran injin, kuma a hanya zai zubar da man, a inda babu mai taimako."

Sai ya ce, "Haka ne," ya miƙe. Sas-sas, ya tafi. Da ya juya na hango hannun farar rigarsa, baƙin mai ya yi masa tambari.

Sauran yinin a ɗaki na yi shi, ina jiran a aiko cewa baƙi sun fasa. Na riga na shirya abin da zan gaya wa Isuhu, da abin da Inna za ta gaya mini. Abin da ya fi ci mini rai ba zagin jakin ba ne, na Lawali ne, ya ɓata hanya kawai. Maganar kwalin ce, don akwai gaskiya a cikinta. Na san turaren Isuhu da dariyarsa, amma ban taɓa tsayawa na tambaye shi wani abu mai nauyi ba, ko zai bar ni in ci gaba da karatu, ko zai iya zama da mace mai baki irin nawa. Sauri nake, kamar a shago.

Bayan sun tafi Baba ya shigo yana fara'a. An ba su, amma Malam Idi ya roƙi a ɗaga biki sai bayan kaka, wai yara su ƙara sanin juna, babu abin da ake matsa wa da ƙarfi. Baba ya ce da ya tambaye shi abin da ya ɓata masa riga, cewa ya yi wani makaniki ya taya aiki. Malam Idi bai ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta.

Watannin nan na yi wa Isuhu tambayoyin da har ya ce ko jandarma ce ni. Ya amsa, wasu na ji daɗi, wasu muka yi faɗa muka shirya. Da aka kawo lefe, mata na ɗaga atamfofi sai ga filtir sabo fil a ƙasan akwati. Aka yi ta juya shi ana tambaya ko turare ne. Na karɓa na duba: ga nauyi, roba laushi, ba ya kaɗawa. Malam Idi bai manta da komai ba, sai abu ɗaya. Bai tafi shago da tsohon ba. Shi ma nasa filtir ɗin bai hau ba.

Yana nan a kan kabad ɗina, tsakiyar kwanuka. Duk lokacin da muka je Atantane na durƙusa gaishe shi, sai ya sunkuyo ya ce a hankali, "Jakin Urafane na amsawa." Yanzu ba na fita sayen filtir sai da ledata, kuma ba na buɗe baki sai na ɗaga ido na ga wanda ke cikin silifas.