Rasuwar Mai Fanka Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Isufu mai ɗaukar bidiyon biki a Arlit yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kat garafik ɗinsa, wato abar da ke sarrafa hoto a cikin ordinater (kwamfuta), wadda aka fi sani da Mai Fanka Uku. Ta cika ranar Talata bayan azahar, tana tsakar aiki.

Marigayiya jaruma ce. Fim ɗin biki na awa uku, cikin minti arba'in take kammala shi, har a ga zaren rawanin ango ɗaya bayan ɗaya. Aibinta guda, ba a ɓoye wa jama'a: ci. Wat ɗari uku da ashirin take haɗiya. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batir biyu da panon hasken rana ya wuni yana cikawa, kafin a gama shan shayi ta lashe su. Isufu bai taɓa yi mata gori ba. Tun da aka rufe ramin yuraniyom aka sallame shi daga tuƙin kamyo, babbar motar kaya, ita ke ciyar da gidansa.

Ciwon ajalinta zafi ne. Da bazara ta kankama, muryarta ta tashi daga fuuu mai sanyi zuwa huuuu mai tsinka zuciya. Shekara goma sha huɗu Isufu ya yi yana tuƙi a hamada, ya san yadda ake sanyaya ruwa: a naɗe bido, wato jarkar ruwa, da buhu, a jiƙa, a bar iska ta yi sauran. Haka ya yi wa ordinater. Abin takaici, maganin ya yi aiki kwana biyu. A na uku ya ga buhun ya bushe, ya ɗauko buta ya ƙara mata ruwa da hannu sake, irin na mai ƙauna. Ta ce tas. Ta ce tsss. Daga nan sai warin roba.

Ta rasu ta bar ordinater, da batir biyu, da 'Yar Siririya, tsohuwar kat mai fanka ɗaya, ƙirar kamfanin da ke hamayya da nata, wadda Isufu ya jefa a kwali shekara biyu yana kiranta raguwa. Yau ita ce a kan aiki. Wat ɗari da goma sha biyar ya ishe ta, batir kan kai ta la'asar, amma abin da marigayiya ke yi a minti arba'in, ita sai ta kwashe awa tara, kuma in wuta ta yanke a tsakiya, daga farko ake komawa. Sau biyu ke nan ana komawa.

Ta kuma bar fim ɗin auren Muktari, ɗan Hajiya Lauratu, ba a gama ba. Ga wanda bai sani ba, babu bikin da ake yi a unguwa ba da bakin Hajiya ba. A wannan shekara ta fari da rashin aiki, aure shida kacal aka ɗaura, biyar ita ta turo wa Isufu. Ango zai bi ayarin Juma'a ya koma ramin zinariya a Cibarakaten, kuma uwarsa ta rantse da fim ɗin zai tafi. Sabuwar kat sai daga Yamai, hanya kuwa ba a binta sai da rakiyar soja. Kalma ɗaya Hajiya za ta faɗa a taron mata, shagon ya bi marigayiya. Isufu yana tsoro, tsoro na gaske. Ko akuya ta gogi ƙofa sai ya miƙe tsaye.

Za a yi jana'iza yau Alhamis bayan la'asar. Ba za a yi mata wanka ba, ta sha ruwa ya isa. Za a sa ta a kwalin da aka fitar da 'Yar Siririya. Masu ta'aziyya su shigo ta ƙofar baya, kada a sanar da Hajiya Lauratu. Iyalan mamaciya suna roƙo don girman Allah kada wanda ya sa cajin waya: 'Yar Siririya tana kashi sittin da ɗaya cikin ɗari na aikin fim ɗin, batir ɗaya ya rage, kuma rana ta fara karkata.